Kumburin Rakiya da Littafin da ke Zariya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ko da yake wani lokaci yakan ajiye maganin a kan kanta ta sama a garin da ba naka ba.

Jikokina suka ce in rubuta wannan labari, wai na ba da shi sau ɗari kuma kullum sai ya ƙara tsawo. To ga shi a takarda, ya tsaya inda ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Aji huɗu na yi a elemantare a Kusada, ina shirin zama Razdan, babban Baturen lardi, sai mahaifina ya ce gona ta fi gaggawa. Da wannan guntun boko na samu aikin malamin sikeli wurin wani mai sayen gyaɗa a Kankiya, ina yawo da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu.

Shekarar da aka karɓe mamu fam da sule aka ba mu naira da kwabo, cikin tsakiyar bazara, matata Rakiya ta yi haihuwa ta uku. Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, kowa yana ganin gobe zai sayi babur. A wurinmu kuwa ba a gane mijin kirki ta bakinsa, sai ta tsibin itacen biƙi, wato itacen da za a riƙa dafa ruwan wankan mai jego har kwana arba'in. Ni kuwa na so a san ni. Jakai biyu suka yi sati suna jido mani daga Rimaye, har itacen ya wuce katanga. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Lallai Rakiya ta yi dacen miji." Ni kuma in yi kamar ban ji ba, in gyara hula.

Wadda ta zo yi mata biƙin ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Daga Kusada har Kafinsoli ba a kiran sunan wata a wannan aiki in tana nan. Safe da yamma za ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, ta yi ta fyaɗa wa mai jego har jiki ya yi ja. Daga nan sai kan gadon ƙasa, ga garwashi a ƙarƙashi. Sai kunun kanwa, cikin ƙwarya, da kanwar da za ta sa harshe ya yi kauri. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwar uwata. Babu wanda ya taɓa ganin abin tambaya a ciki.

Satin farko lafiya lau. Aka yi suna, aka ci rago, maroƙa suka yabi itacena fiye da yadda suka yabi jaririyar.

A sati na biyu Rakiya ta ce zobenta ya matse ta. Na ce ai daɗi ne, ƙiba ce ta miji nagari. Ta harare ni, ta nuna mani ƙafa. Ƙafar ta yi sumul, idon sawu ya ɓace.

A sati na uku abin ya hau zuwa gwiwa, ya kama ciki. In ta tashi daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango tana haki kamar wadda ta yi tsere. Kwanciya ta gagara, sai dai a jera mata matasai ta jingina. Ga wani busasshen tari. Nan fa masu dubiya suka buɗe asibitinsu. Wata ta ce baki ne, itacen nan ya ja mata ido. Wanzami ya ce a yi ƙaho a zuƙe mugun jini. Mai kawo mamu nono ta ce a jiƙa wani saiwa. Kowa likita ne in ba shi ke kwance ba.

Gwaggo ta saurare su duka, sannan ta yanke hukunci.

"Sanyi ne ya shige ta. Wanga ɗan boko ya bar taga buɗe. A ƙara wuta, a ƙara kanwa."

Aka ƙara. Ni da hannuna na riƙa miƙa itacen.

Da sati na huɗu ya kama, na kai ta wurin malamin asibiti a Kankiya. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo. Bai ce komai ba sai, "Birni. Yau." Muka hau babbar mota, ita a gaba kusa da direba, ni da Gwaggo da jaririya a baya kan buhuna.

Wanda bai yi layin yankar kati a asibitin birni a wancan zamani ba, kada ya ce ya san haƙuri. Tun hantsi muke ƙarƙashin itace har inuwa ta gudu ta bar mu. In ka matsa taku ɗaya sai wani mai babbar riga ya shigo ta gefe. Amma gaskiya ɗaya ce, wata ma'aikaciya da ta ga yadda Rakiya ke numfashi ta bar abin da take yi ta ja ta gaba, ban san sunanta ba har yau, Allah ya sani. Likitan Ba'indiye ne, siriri. Ya ɗora abin saurare a ƙirjinta, ya daɗe, sannan ya faɗi kalma biyu da suka zauna mani a ka: hat feliya. Tafinta ya ce, "Zuciya ce ta gaji. Za a kwantar da ita. Kuma ban da gishiri."

Kwana tara ta yi a ɗakin mata. Ana ba ta wata 'yar ƙwaya da ke sa fitsari, ta yi ta yi har ta fara jin kunyar masu kwashe tasa. Kumburi ya saɓe, ƙafa ta dawo ƙafa, ta kwanta a miƙe ta yi barci. Aka sallame mu da ƙwayoyi a takarda da kati mai rubutun da ko shi likitan ban ce zai iya karantawa ba.

A nan ne muka yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Gwaggo ta bi umarnin likita sau da ƙafa. Ta kwashe gishirin gidan ta kai maƙwabta. Miya ta zama lami har ni na rame. Amma ta ce kwana taran nan da aka yi ba wanka ba gashi, ramuwa ce, kamar azumin da aka sha. Arba'in sai ta cika arba'in. Aka sake hura wuta, aka sake dama kunu, har da ƙari don a cike giɓi. Likita bai tambaye mu kunu da gadon wuta ba, mu kuma ba mu faɗa ba. Wa ke zuwa asibiti ya sanar da likita cewa a gidansu ana shan ruwa?

Kafin sati na shida ya ƙare kumburin ya dawo, ya fi na da. Ƙwayar tana shiga, amma kamar ana kwasar rijiya ana zuba mata ruwa ta baya. Na ga farin idon Rakiya, na ga jaririya tana tsotso tana kuka. Na riƙa juya katin nan ina cewa, da na san abin da ke cikinsa.

Sai na tuna Isiyaku, ɗan Gwaggo, abokin wasana. Yana aiki a ɗakin karatu na jami'a a Zariya, ɓangaren likitoci da masu koyon jinya. Duk Sallah in ya zo gida sai ya cika mamu kunne cewa a wurin aikinsa ba abin da babu littafinsa, har ciwon kunama. Na ce to bari in je in gani ko ƙarya ce irin tasa. Da Gwaggo ta ji ta Kano zan bi, sai ta ce, "Madalla. Ka sawo mani ungurnu mai kyau, ta nan ba ta da ƙarfi." Ungurnu kuwa ita ce kanwar da ta fi kowace kaifi. Na saya, dunƙule guda kamar kan jariri, na jefa a jaka.

Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. A bakin ƙofa aka karɓe jakata aka ba ni lamba. Ciki sanyi, fanka na juyawa a sama, mutane cike amma shiru kamar ana jiran liman ya yi sallama. Na buɗe baki na rangaɗa sallama yadda aka koya mani, kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Isiyaku ya rugo ya kama hannuna.

"Kai baƙauye, nan ba sikelin gyaɗa ba ne. Mi ya kawo ka?"

"Na zo in ga dukiyar da kake gadi ba ka ci."

Ya roƙi babbansu aka bar ni in zauna na yini ɗaya, da sharaɗin ba zan fita da ko warƙa ba. Ya nuna mani wasu akwatuna masu aljihuna ƙanana, cike da katuna a jere, kowane littafi da nasa kati. Ni da ilimina na tafi kai tsaye aljihun Z ina neman zuciya. Na daɗe a can, ashe katunan duk da Turanci suke. Isiyaku kuwa, in ka faɗa mashi lamba zai kai ka kan littafi ido rufe, amma shekara takwas bai taɓa buɗe ɗaya ba sai don ya kaɗe ƙura. Makaho da gurgu muka haɗu. Ya tulo mani littattafai guda huɗu, kowane ya kai nauyin tiya biyu. Na buɗe na farko, Turanci zalla, na gane masu nufin "da" da "shi" da "ita", sauran duk suka tsaya suna kallona.

A ƙarshen teburin akwai wata mata da farin kaya, babba ce, ba yarinya ba. Isiyaku ya raɗa mani cewa Sista ce, 'yar kudancin Zariya, ta yi shekaru a ɗakin haihuwa ta dawo ƙarin karatu. Ta ga ina juya littafi ina gumi cikin fanka, ta matso da kujerarta.

"Malam, mene ne kake nema?"

Na miƙa mata katin. Ta karanta kamar wasiƙar gida. Ta ture uku daga littattafan, ta ɗauki ɗaya, ta juya can ƙarshe inda aka jera kalmomi da lambar shafi. Ta ce, "Ba a fara irin wannan littafi daga farko, daga baya ake shiga." Ta buɗe mani hoton zuciya, ja da shuɗi. Ta ce in ɗauke ta kamar jakin da ke jan ruwa. Ciki da haihuwa sun riga sun gajiyar da shi. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya yi yawa kaya ya yi nauyi. Zafi kuma yana sa shi gudu.

"Gishiri kam mun daina," na ce, ina jin kaina. "Ko ƙwaya babu a gidan."

"To me take ci? Faɗa mani tun daga safe."

Na fara lissafi. Ina cewa kunun kanwa sai ta ɗaga hannu.

"Sau nawa?"

"Safe da yamma. Yanzu har da rana, saboda ramuwa."

"Gadon wuta fa?"

"Ai ni ba a fi ni itace ba a duk unguwarmu."

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wa Isiyaku lamba a guntun takarda, ya tafi ya dawo da wani littafi na sinadarai. Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ta ce abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa, shi ne cike a cikin kanwa. Mun kori ƙane ta ƙofa mun shigo da yaya ta taga. Ta ce malamansu sun fara lura da yawan matan ƙasar nan da ake kawowa a kumbure bayan haihuwa, musamman lokacin zafi. Yawancin mata zuciyarsu tana ɗauka, su gama arba'in garau. Wasu ba ta ɗauka.

Na ce, "Ga ma wata can a jakata bakin ƙofa, ungurnu."

"Shanu za ka ba," in ji ta. "Kuma ka ji da kyau, Malam, littafi ba ya warkar da kowa. Ka kashe wutar nan, ka zubar da kunun, ka mai da ta wurin likitanta ka faɗa mashi duk abin da ka faɗa mani."

Ta riƙa faɗa da Hausa ina rubutawa a littafin awon gyaɗa, shafi biyu da rabi. Ko sunan garinsu ban tambaya ba. Ta koma kan karatunta kamar ba ta yi komai ba.

Sai da muka fito waje na lura Isiyaku bai tsokane ni ba tun ɗazu. Ya jingina da bango ya ce, "Haka Yaya Hajara ta yi."

Hajara ita ce 'yar farin Gwaggo. Ta rasu muna samari, kwana talatin da 'yan kai bayan haihuwarta ta farko, a kumbure, a kan gadon da uwarta ke hura wa wuta. An ce sanyi ne. Mun yi shekara goma sha wani abu muna cewa sanyi ne.

"Ka zo mu tafi tare ka faɗa mata," na ce.

"Ni? Wallahi ba zan iya ba. Kai ne mai biro biyu."

Washegari da la'asar na isa gida. Tun daga zaure na ga hayaƙi. Tukunya na tafasa, Gwaggo na tsaye da ganye a hannu.

"Sannu da hanya. Ina kanwata?"

"Na ba shanun Ardo a tasha, Gwaggo."

Ta tsaya tana kallona ko rana ta taɓa ni. Na ɗauki tulu na shiga ɗakin mai jego, inda namiji mai kunya ba ya shiga a irin wannan lokaci, na durƙusa na kwarara ruwa a kan garwashin da ke ƙarƙashin gado. Toka ta tashi ta bule mani fuska. Matan maƙwabta da ke tsakar gida suka hau salati.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta shiga ta ƙulle kayanta a zane ta fito.

"Na goya ka, na share maka majina, yau ka tahi Zariya kwana biyu ka dawo ka fi ni sanin mace. Mata nawa na gasa da hannun nan suka tashi? Ƙirga, tunda kai malamin ƙirga ne."

Na tsuguna a gabanta na buɗe littafin gyaɗa. Na karanta mata jaki da kaya, na karanta mata gishiri da kanwa. Tana jin ni kamar mai jin kukan kaza. Sai muryar Rakiya ta fito daga ɗaki, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Gwaggo, ki gafarce ni. A asibiti na fi samun numfashi. Duk sa'ad da na sha kunun sai in ji kamar an ɗora mani dutse. Tun tuni na sani."

"To mi ya hana ki faɗi, ɗiyata?"

"Yaya zan ce kunun Gwaggo ne?"

Na koma kan takarda na karanta layin ƙarshe yadda Sista ta faɗa: yawanci zuciyarsu tana ɗauka, wasu ba ta ɗauka. Ban ɗaga kai ba. Babu wanda ya ambaci sunan kowa. Na dai ji ƙullin kaya ya sauka ƙasa, Gwaggo ta zauna a kansa. Sannan ta tashi ta sauke tukunyar daga murhu da kanta.

Da safe muka koma birni. Wannan karon na tsaya gaban likita na zayyana komai, tafinta yana juyawa. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce a maimaita mashi zancen gadon. Ya tambaya har sau biyu ko da gaske wuta ake hurawa a ƙarƙashin mutum. Sati biyu aka riƙe ta. Da muka dawo Gwaggo ce ta ci gaba da jinya: ruwa mai ɗumi, kunun tsamiya, ƙwaya a kan lokaci, ba ta yarda Rakiya ta ɗaga ko taɓarya. Sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, Rakiya ta iya zuwa rijiya ta dawo ba ta dafa bango ba. Sauran itacen kuwa maƙwabta suka yi ta ɗiba har kaka, ba wanda ya ƙara yaba mani.

Rakiya tana nan, ga ta can tana cewa in rubuta cewa ba sati biyu ba ne, kwana goma sha shida ne. Na rubuta.

Abin da nake so 'ya'yanmu su riƙe kaɗan ne. Mai jego in ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere, kwanciya ta gagara, kada a tsaya gardamar sanyi, a kai ta asibiti. In an je, a faɗa wa likita har abin da ake ganin bai kai a faɗa ba. Mai ciwo kuma ta ajiye kara, kara ba ta numfashi a madadin mutum. Wanda Allah ya ba karatu ya shiga ɗakunan littattafan nan, ya tambayi na kusa da shi in ya ɓace. Ni da aji huɗu na shiga na fito da matata.

Gwaggo ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. A gidajen suna ma cewa take yi ita ta ga dacewar a rage kanwa, matan zamani ba su da ƙwari. Na bar mata. Amma ranar da za ta koma Kusada na rako ta bakin hanya, muna zaune a gindin tsamiya muna jiran mota, sai ta ce, ba ta kalle ni ba:

"Wanga littafi da ka gani. Tun yaushe yake can?"

Na tuna bangonsa, ya koɗe, gefen takardun ya yi ja don tsufa, an ɗinke bayansa da zare. Na san shekarar da take aunawa, ta rasuwar Hajara.

Na ce, "Sabo ne fil, Gwaggo. Bana aka kawo shi."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To." Ta gyara lulluɓinta, mota ta zo, na ɗora mata kaya.

Na yi ƙarya da yawa a bakin sikeli, duk na nemi gafara. Wannan ɗaya har yau ban san ko in nema ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya jiƙan Hajara, ya haɗa su inda babu zafi.